Bayan Girgizar Ƙwaƙwalwa: Yaushe Ya Kamata Ɗan Wasa Ya Koma Fili?

A ranar Asabar, 27 ga watan Satumba na shekarar 2014, ƙungiyar ƙwallo ta Jami'ar Michigan ta karɓi baƙuncin takwararta ta Jami'ar Minnesota a birnin Ann Arbor na ƙasar Amurka, a wani fili mai ɗaukar 'yan kallo fiye da 100,000. A zangon ƙarshe na wasan, sai wani ɗan Minnesota ya sheƙo a guje ya kai wa Shane Morris karo da hular kwano a haɓa. Morris, ɗalibi ɗan shekara 20 wanda shi ne mai rarraba ƙwallo a ƙungiyarsa, ya miƙe yana tangaɗi, har sai da ya jingina da wani abokin wasansa. Duk da haka ya ɗaga wa mutanensa hannu alamar babu komai, aka bar shi ya ƙara taɓa wasa. Da aka fitar da shi ma, ba a jima ba aka sake tura shi ciki. Bayan kwana uku jami'ar ta amsa cewa ga dukkan alamu ƙwaƙwalwarsa ta girgiza. Ɗalibai suka yi zanga-zanga, kuma kafin watan Oktoba ya ƙare daraktan wasanni na jami'ar ya ajiye aikinsa.

Ya kamata mai karatu ya san cewa abin da Amurkawa suke kira ƙwallon ƙafa ya bambanta da namu. Nasu ɗan'uwan zari-ruga ne. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, ƙwallon mai siffar ƙwai ne, a hannu ake ɗaukarsa a ruga da shi, kuma hanyar tsayar da mai gudu ita ce a banke shi a kai shi ƙasa. Saboda haka karo da ka ya zama ruwan dare a cikinsa. Tambayar da wannan maƙala za ta duba ita ce: idan ƙwaƙwalwar ɗalibi ta girgiza a irin wannan wasa, yaushe ya dace a bar shi ya koma fili, kuma wane ne zai yanke wannan hukunci?

Ra'ayina shi ne kada ya koma a ranar, kada kuma ya koma a Asabar mai zuwa. Sai alamun ciwo sun ɗauke gaba ɗaya, ya koma aji yana karatu kamar da, ya bi matakan gwaji ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan likitan da ba ya ƙarƙashin ikon mai horarwa ya sa hannu. Ga dalilaina.

Abin da ke faruwa a cikin ka

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma taushinta ya yi kusa da na awara kafin a soya ta. Tana zaune ne a cikin ƙoƙon kai, wani ruwa ya kewaye ta. Idan aka buge kai, ko aka banke jiki har kai ya fizgu da ƙarfi, ƙwaƙwalwa takan motsa ta murɗa a cikin ƙoƙon. Wannan shi ne girgizar ƙwaƙwalwa. Hular kwano tana kare ƙashin kai daga fashewa, amma ba ta iya hana abin da ke ciki motsi, kamar yadda murfin ƙwarya ba ya hana kindirmo kaɗawa idan mai tallan ta yi tuntuɓe.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana da dogon zare da take aika saƙo ta cikinsa. Domin saƙo ya wuce, dole ne ƙwayar ta riƙe sinadarin fotasiyam a cikinta, ta bar sodiyam da kalsiyam a waje. Idan zaren ya miƙe fiye da kima saboda fizga, sai fatarsa ta yi rauni, fotasiyam ya tsiyaye waje, sodiyam da kalsiyam su kwararo ciki. Nan take ƙananan famfunan da ke jikin ƙwayar za su duƙufa wajen mayar da kowane sinadari mazauninsa, kuma aikin nan yana cin makamashi mai yawa. Abin takaici, a daidai wannan lokaci ne jinin da ke kawo sukari da iskar shaƙa yake raguwa. Wato buƙata ta ƙaru, guzuri ya ragu. Masana biyu na Jami'ar California da ke Los Angeles, Christopher Giza da David Hovda, sun yi cikakken bayanin wannan hali a shekarar 2001. Dama ko da lafiya ƙalau, ƙwaƙwalwa, wadda ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, ita ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na makamashinsa.

Wannan ƙarancin makamashi ne ke haifar da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da ganin dishi-dishi, da ruɗewa, da mantuwa, da ƙyamar haske ko ƙara. Akwai abubuwa uku da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Na farko, ba sai mutum ya suma ba. Waɗanda ke suma ba su kai ɗaya cikin goma ba. Na biyu, hoton ƙwaƙwalwa da aka saba ɗauka a asibiti yawanci ba ya nuna komai, domin matsalar ta aikin ƙwayoyi ce, ba karaya ba. Na uku, kuma shi ne ginshiƙin wannan maƙala, alamun ciwo suna iya ɗaukewa alhali ƙwayoyin ba su gama farfaɗowa ba. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san katangar da ruwan sama ya jiƙa. Da rana ta fito bayanta zai bushe, amma cikinta da sauran danshi, kuma mai hankali ba ya jingina mata tsani.

Abin da alƙaluma suka nuna

Tsakanin shekarar 1999 da 2001, wasu masana ƙarƙashin jagorancin Kevin Guskiewicz da Michael McCrea sun bi diddigin 'yan wasa 2,905 a jami'o'i da kwalejoji 25 na Amurka, aka buga sakamakon a 2003. Daga cikinsu mutum 184 sun samu girgizar ƙwaƙwalwa, 12 kuwa sun sake samun ta biyu kafin kakar wasan ta ƙare. Abin lura a nan shi ne 11 daga cikin 12 ɗin nan sun samu ta biyun ne a cikin kwana 10 na farko. Har ila yau binciken ya nuna cewa wanda ya taɓa samun girgiza sau uku ko fiye, haɗarin sake samunta a gare shi ya ninka na wanda bai taɓa samu ba sau uku. A wancan zamani rabin waɗanda suka ji ciwon sukan koma fili ne cikin kwana 3 kacal.

A shekarar 2014, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA, ta haɗa gwiwa da ma'aikatar tsaron ƙasar suka kafa wani babban shirin bincike mai suna CARE. Wannan ya ba da damar a kwatanta zamani biyu. Daga 2014 zuwa 2017, matsakaicin lokacin komawa fili ya tashi daga kwana 3 zuwa kwana 12. Daga cikin 'yan wasa 701 da suka samu girgiza, 27 ne suka sake samu a kakar, wato raguwar kashi 41 cikin 100 idan aka kwatanta da da, kuma mutum ɗaya tak ne ya samu ta biyu a cikin kwana 10 na farko. Gaskiya ne wasu abubuwa ma sun canza a tsakanin shekarun nan, kamar dokokin wasa da wayewar kai. Amma darasin a fili yake: kwanakin nan 10 su ne kwanakin haɗari, kuma da aka daina tura samari fili a cikinsu, sai maimaicin ciwo ya ragu.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan muni, ko da yake ba kasafai yake aukuwa ba. A 1984, likitoci biyu, Saunders da Harbaugh, sun ba da labarin wani ɗalibi ɗan shekara 19 da ya koma wasa kwanaki kaɗan bayan ya ji rauni a ka, ya faɗi a fili, ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, ya rasu. Masana suna da saɓani a kan ainihin yadda bugu na biyu ke jawo wannan kumburi, amma sun yarda cewa yara da samari ne ya fi afka wa. A 2006, a jihar Washington, wani yaro ɗan shekara 13 mai suna Zackery Lystedt ya bugu da ƙasa kafin hutun rabin lokaci, aka mayar da shi wasa, da aka tashi ya yanke jiki ya faɗi. An yi masa tiyata a ka, ya rayu, amma ya shafe watanni bai iya magana ba, kuma ya samu naƙasa. Da sunansa jihar ta kafa doka a 2009 wadda ta wajabta fitar da duk yaron da ake zargin ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, kuma ba zai koma ba sai da takardar ma'aikacin lafiya. Zuwa 2014 dukkan jihohi 50 na Amurka sun yi irin wannan doka. Ita kuwa NCAA tun 2010 ta haramta wa wanda aka tabbatar ya samu girgiza komawa wasa a ranar.

Matakai shida

Tun daga 2001 masana na duniya sukan taru lokaci zuwa lokaci su tsara yadda za a kula da wannan ciwo. Taron farko a birnin Vienna aka yi shi, na shida kuwa a Amsterdam a 2022. Ga tsarin da taron Amsterdam ya fitar. Da farko a huta na awa 24 zuwa 48, a rage kallon waya da talabijin, amma ba a ce a kwanta a ɗaki mai duhu ba. Mataki na ɗaya shi ne harkokin yau da kullum, kamar tafiya a hankali. Na biyu, motsa jiki mai sauƙi, kamar tuƙa keken da ba ya tafiya, ana ƙarawa kaɗan kaɗan. Na uku, atisayen wasan shi kaɗai, kamar gudu da jifan ƙwallo, inda babu mai taɓa shi. Na huɗu, atisaye tare da 'yan'uwa ba tare da karo ba. Na biyar, cikakken atisaye har da karo. Na shida, wasan gasa.

Kowane mataki yana buƙatar aƙalla awa 24. A matakai uku na farko ana iya jure wa ɗan ƙaruwar ciwon kai idan kaɗan ne kuma bai kai awa guda ba. Idan ya wuce haka, a dakata a sake gwadawa gobe. Amma ba a shiga matakin da ke da haɗarin bugun kai sai alamu sun ɗauke ƙaf, a zaune da kuma bayan an yi gumi, sa'an nan likita ya amince. Daɗin daɗawa, tsarin ya ce a kammala komawa karatu kafin a kammala komawa wasa. A matsayina na malami wannan sharaɗi ya fi kwanta mini a rai. Saurayin da ba ya iya zaman lacca ta awa guda ba tare da kansa ya sara ba, ta yaya za a ce ya isa ya yi gaba da gaba da ƙato mai kilo 130?

Idan aka lissafa, wanda ya yi sa'a yana iya gama matakan nan cikin mako guda, wato ya buga wasan Asabar mai zuwa. A nan ne nake ganin tsarin ya yi sassauci. Tunda alƙaluman jami'o'in da kansu sun nuna cewa kwana 10 na farko ne ake sake jin ciwo, babu hujjar a bar kan ɗalibi ya sha karo a cikinsu. Shawarata ita ce kada a yi atisayen karo kafin kwana 10 su cika, kada kuma a buga gasa kafin mako biyu. Wannan ƙaramin iyaka ne, ba alƙawari ba. Wasu sukan kai wata guda kafin su warware, kuma masana ba sa ɗaukar haka a matsayin abin mamaki. Wanda ya taɓa samun girgiza a baya, ko alamunsa suka daɗe, ya cancanci ƙarin lokaci.

Hujjojin masu ja da wannan ra'ayi

Wasu sun ce ɗan jami'a baligi ne, kansa nasa ne, a bar shi ya zaɓa. Da a ce ƙafa ce ta gurɗe, da maganar ta yi nauyi. Amma a nan gaɓar da ta ji ciwo ita ce gaɓar da ke yanke hukunci. Shane Morris da ya ɗaga hannu yana cewa lafiya lau, da ƙwaƙwalwar da ta girgiza ya yi wannan tunani. Bugu da ƙari, zaɓin nasa ba sakakke ba ne. Wasanni 12 ne kawai manyan jami'o'i ke bugawa a kaka kafin wasannin ƙarshe. Da yawa daga cikin 'yan wasan da tallafin ƙwallo suke karatu. Waɗanda ake ɗauka zuwa gasar ƙwararru ta NFL ba su kai 2 cikin 100 ba, kuma tun 2021 an halatta musu samun kuɗi da sunansu da hotonsu. Saurayin da ke ganin wani na jiran gurbinsa zai ce ya warke ko da kansa na tsagewa. Shi ma mai horarwa, wanda aikinsa ya rataya a kan nasara, bai dace ya zama alƙali a shari'ar da yake da rabo a ciki ba. Shi ya sa a 2016 manyan rukunonin jami'o'i biyar suka kafa doka cewa likita da ma'aikatan lafiyar ƙungiya ne kaɗai ke da ikon yanke hukunci, kuma babu mai tayar da shi. Doka ce mai kyau, amma ba za ta yi aiki ba matuƙar mai horarwa na da baki a ɗaukar likita ko korarsa.

Wasu kuma sun ce idan aka ƙayyade kwanaki, 'yan wasa za su riƙa ɓoye ciwo. Wannan hujja ce mai ƙarfi, domin ɓoyewar ta daɗe. Wani bincike na 2004 a kan 'yan makarantun sakandare ya nuna cewa waɗanda suka faɗi ciwonsu ba su kai rabi ba. Amma maganin ɓoyewa shi ne a cire dalilinta. A tabbatar wa ɗalibi cewa jinya ba za ta raba shi da tallafinsa ko gurbinsa ba. A kuma nuna masa lissafi: binciken da aka yi a Jami'ar Florida a 2016 ya gano cewa waɗanda suka jinkirta faɗin ciwonsu suka ci gaba da wasa sun yi asarar kusan kwana 5 fiye da waɗanda suka fita nan take. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Hujja ta uku ita ce dogon hutu shi ma yana da illa. Wannan gaskiya ne, kuma kimiyya ta gyara kuskurenta a kai. A da ana killace mai ciwo har sai ya warke sarai. A 2019, John Leddy da abokan aikinsa na Jami'ar Buffalo sun nuna cewa matasan da aka sa su motsa jiki daidai gwargwado sun warke cikin kwana 13, waɗanda aka bar su da miƙe gaɓoɓi kawai kuwa sai kwana 17. To amma motsa jiki dabam, karo dabam. Abin da nake kira a jinkirta shi ne karo. A nan yana da kyau a san cewa wani binciken CARE da aka buga a 2021 ya nuna kashi 72 cikin 100 na girgizar da ya ƙididdige a wajen atisaye ta auku, ba a ranar gasa ba. Don haka mayar da ɗalibi cikakken atisaye daidai yake da mayar da shi fagen fama.

Ba za a rufe wannan babi ba sai an ambaci Dakta Bennet Omalu, ɗan Nijeriya wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka. Shi ne a 2002, a birnin Pittsburgh, ya binciki ƙwaƙwalwar marigayi Mike Webster, tsohon ɗan wasan NFL, ya gano lalacewar da ake dangantawa da yawan bugun kai na shekara da shekaru, ya buga sakamakon a 2005. Jiran mako biyu ba ya maganin wannan, domin tushensa tarin bugu ne. Sai dai ya isa ya tuna mana cewa ɗalibi zai ajiye ƙwallo yana ɗan shekara 22 ko 23, amma da wannan kai zai yi sauran rayuwarsa.

Ina ruwanmu?

Ba ma buga ƙwallon Amurka a makarantunmu, amma ƙwaƙwalwa ɗaya ce ko'ina. A namu ƙwallon ma kawuna suna gwaruwa idan mutum biyu suka yi tsalle, mai tsaron gida yakan bugu da ƙarfen raga, ga kuma dambe da kokawa. A wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 2014, Christoph Kramer na Jamus ya sha karo a ka, ya ci gaba da wasa na kusan minti 15, har ya tambayi alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshe. Tun daga 2024 dokokin ƙwallon ƙafa suka ba masu shirya gasa damar ƙara canji na musamman saboda wanda ake zargin ƙwaƙwalwarsa ta girgiza.

A filayenmu kuwa mun san abin da aka saba. Yaro ya faɗi, a kwara masa ruwa a ka, a ce tashi, kai namiji ne. Jami'o'in Amurka suna da likita a bakin fili, duk da haka sun yi kuskure. Mu da ba mu da shi ya kamata mu fi su taka-tsantsan. A 2023 Birtaniya ta fitar da ƙa'ida domin wasannin makarantu da na unguwa, inda ba a cika samun likita ba: kada a koma gasa kafin kwana 21. Ina ganin wannan ya dace da mu.

Saboda haka, ya kai malamin wasanni, idan ɗalibi ya bugu a ka ya tashi yana tangaɗi, ko ya ruɗe, ko ya kasa faɗin wace ƙungiya ake karawa da ita, ka fitar da shi, kuma wasansa na ranar ya ƙare ko da ya rantse ya warke. Kada a bar shi shi kaɗai a yinin farko da darensa, kada ya tuƙa babur ko keke, a sanar da iyayensa ko malamin ɗakin kwanansu, a kai shi ga ma'aikacin lafiya. Idan kuwa ya suma, ko yana ta amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci na rinjayarsa, ko ya yi jijjiga, ko yana gani bibbiyu, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi, ko wuyansa na ciwo, to a garzaya da shi asibiti nan take, a kuma kiyaye jujjuya wuyan nasa. Malaman aji su sassauta masa aiki na 'yan kwanaki, su ɗage masa jarrabawa idan da hali.

Kai kuma ɗalibi, idan ka ga abokinka ya bugu yana ɓoyewa, ka faɗa wa malami. Wannan ba tsegumi ba ne, zumunci ne. Idan kai ne abin ya sama, ka tuna cewa makaranta ta kawo ka ne domin wannan kan da ke bisa wuyanka. Kofin da ya wuce ka bana za a sake sa shi baɗi, ƙwaƙwalwa kuwa guda ɗaya Allah Ya ba ka, kuma ba a sayar da wata a kasuwa.